Fitilar iskar taya a sanyin hunturu: me za ka saya, me za ka bari a kanti

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, masu mota da yawa a Kano, Zariya da Jos sukan tayar da mota bayan sallar asuba su tarar da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kunna a dashbod, mai kama da buɗaɗɗiyar tukunya da alamar motsin rai a tsakiyarta. Kafin hantsi, idan an yi 'yar tafiya, sai ta mutu da kanta, gobe kuma ta dawo. Da yawa sukan ɗauka sensar da ke auna iska a cikin taya ce ta lalace, su nufi Ƙofar Ruwa ko Panteka neman sabuwa. A ganina wannan gaggawa ce mai cin kuɗi, domin a mafi yawan lokuta sensar lafiyarta ƙalau, gaskiya ce take faɗa.

Iska tana takurewa idan ta ji sanyi, kuma duk lokacin da zafin gari ya sauka da digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyos, taya takan rasa kimanin PSI 1 (PSI shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). A hunturu ba abin mamaki ba ne rana ta kai digiri 30 sannan asuba ta sauko ƙasa da 15, wato tayar da mai faci ya sa wa iska da la'asar tana iya kwana ta rasa PSI 3, ko fiye idan da zafin tafiya a jikinta aka auna ta. To amma dokar Amurka, wadda ta wajabta na'urar lura da iskar taya mai suna TPMS a kan dukkan sababbin ƙananan motoci tun Satumbar 2007, cewa ta yi lalle fitilar ta kunna idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Motar da aka ƙayyade wa 32 tana iya yin shiru har sai ta kusa 24. Ke nan tayar da sanyin dare ya kunna wa fitila ta daɗe tana yawo a wajen 27 mai ita bai sani ba, sanyin ƙarasa ta kawai ya yi.

Saboda haka abu na farko da ya cancanci kuɗinka shi ne gejin auna iska naka na kanka. Akwai siriri mai kama da biro, wanda ya fi kowanne arha kuma ba ya buƙatar batir, sai dai ƙurar hunturu tana shiga sandarsa ta sa ya riƙa cijewa. Mai fuskar agogo ya fi sauƙin karantawa, amma idan ya faɗi ƙasa sau ɗaya allurarsa tana iya kaucewa ba tare da ka lura ba. Na lantarki mai nuna lamba shi na fi ba da shawara, musamman mai haske, tunda awon da ya dace da sassafe ake yin sa kafin motar ta motsa, ko bayan ta huta aƙalla awa 3. Lambar da za ka bi tana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Wadda aka rubuta a gefen taya iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, kuma rikita waɗannan lambobi biyu ne ya sa wasu masu faci suke ɗura wa ƙaramar mota 45 ko 50, su buga mata ƙarfe su ce ta yi. Idan ka cika dukkan tayoyin daidai amma guda ɗaya ta sake sauka bayan kwana biyu, a shafa mata kumfar sabulu a nemi ƙusa ko bawul mai yoyo. Kada a manta da safeya, wato tayar ajiya, domin wasu manyan motocin Toyota da Lexus suna da sensa a cikinta, kuma ita ce tayar da kowa yake mantawa da ita.

Yadda fitilar take kunnawa shi ne zai gaya maka ko lokacin sayen sensa ya yi. Idan ta kunna ta tsaya cak, maganar iska ce. Idan kuwa ta yi ta ƙyaftawa na minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi sannan ta tsaya, na'urar ce da kanta take da matsala, galibi batirin sensa. Batirin a rufe yake ruf a cikin sensar, ba a canza shi, kuma yakan yi shekara 5 zuwa 10. Motar Kwatano ƙirar 2010 da ba a taɓa canza wa sensa ba ta wuce wa'adinta, kuma sanyi yana ƙara raunana tsohon batir, shi ya sa matsalar take fara bayyana a hunturu. Sai dai a tabbatar motar tana da sensa a cikin taya tukuna. Wasu, kamar Honda Accord daga ƙirar 2013 da Volkswagen da yawa, da saurin juyawar ƙafafu suke gane raguwar iska ta hanyar na'urar birkin ABS. Irin waɗannan babu abin saye, a cika iska ne a sake saita na'urar da maɓalli ko ta allon dashbod.

Ga wanda ya tabbata sensarsa ta mutu, zaɓin da ya fi kwanciyar hankali shi ne na asali, irin su Denso da Pacific a motocin Toyota, ko Schrader da Continental a wasu. Sun fi tsada, kuma a yawancin motocin Toyota sai an haɗa motar da kwamfuta an shigar da lambar kowace sabuwar sensa, maɓallin da ke ƙarƙashin sitiyari shi kaɗai ba ya wannan aiki. Sai irin waɗanda ake tsarawa su dace da motoci daban-daban, kamar Autel MX-Sensor, waɗanda ake iya kwafa musu lambar tsohuwar sensa har motar ta karɓe su kamar ba a canza komai ba. Ƙimarsu ta dogara ga mai sa su, don haka kafin ka biya ka ga na'urar tsarawar a hannunsa da idonka. Waɗanda aka ciro daga tsohuwar mota kuwa ba na ba kowa shawarar su, domin sayen su sayen ragowar batir ne wanda ba wanda ya san saura wata nawa gare shi, ga kuɗin kwance taya da za ka sake biya.

Akwai kuma kuskuren da yake sa sabuwar sensa ta ƙi aiki tun ranar farko. Motocin da aka ƙera don Amurka galibi suna amfani da zangon rediyo na megahaz 315, na Turai kuma 433, alhali a kasuwanninmu duka biyun suna gauraye a kanti ɗaya. A ciro tsohuwar a karanta abin da aka rubuta a jikinta, ko a sayi mai ɗaukar zango biyun. Idan batirin guda ya mutu don tsufa, sauran ma suna kan hanya, ya fi sauƙi a canza su tare lokacin sayen sababbin tayoyi. Tsakanin bawul na roba da na alminiyam, na roba ya fi jure hannun mai faci, shi kuwa na alminiyam idan aka sa masa murfin ƙarfe yana iya cin tsatsa ya manne har ya karye. Ranar kwance taya ka tsaya a wurin ka nuna inda sensar take, don kada a danna ƙarfen ɓanɓare taya daidai kan bawul.

Wanda motarsa ba ta da wannan na'ura, ko kuɗin sensa huɗu ya yi masa nauyi, zai iya sayen waɗanda ake ɗaurawa a bakin bawul kamar murfi, masu ɗan allo da ke caji da hasken rana. Batirinsu ana canzawa, kuma suna nuna lambar kowace taya. Amma a fili suke, ana iya kwance su a wurin ajiye motoci, kuma ba za su kashe fitilar dashbod ba.

Iskar naitirojin da wasu wurare suke sayarwa ba ta magance wannan matsala, domin ita ma tana takurewa da sanyi, kuma iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. Ruwan toshe huda da ake ɗurawa cikin taya yana iya toshe ƙofar sensar. Abin da ya fi damuna shi ne baƙin salatif da wasu suke liƙawa a kan fitilar. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lanƙwashewa ta yi zafi fiye da kima, kuma direban da ya rufe fitilarsa a sanyin Janairu da wannan tayar zai hau hanyar Kano zuwa Maiduguri a zafin Afrilu, da iyalinsa a baya.