Sharhin fim ɗin La Vie en Rose: a san shekarun Piaf kafin a zauna kallo

Fim ne na Faransa kan rayuwar mawaƙiya Édith Piaf, ya fito a 2007, Olivier Dahan ya ba da umarni, tsawonsa minti 140. A gida sunansa La Môme, a ƙasashen waje kuma aka sayar da shi da sunan La Vie en Rose, sunan waƙar da ta fi kowace fito da Édith Piaf a duniya. Na kalle shi sau biyu, kuma hukuncina shi ne: wasan Marion Cotillard, wadda ta fito a matsayin Piaf, ya isa dalilin kallo, amma yadda aka jera labarin zai ɓatar da duk wanda bai san tarihin mawaƙiyar ba.

Dahan bai bi shekaru a jere ba. Fim ɗin ya buɗe da Piaf tana faɗuwa a kan dandamali a New York a 1959, sai ya koma unguwar Belleville ta birnin Paris tana ƙaramar yarinya, sai ya tsallaka 1963 tana kwance rai a hannun Allah, sai ya sake dawowa. Ana rubuta shekara da wuri a ƙasan allo a wasu fitowar, a wasu kuma ba a rubutawa. Ga wanda ke karanta fassara, tunda da Faransanci ake magana, aiki ya zama biyu: ido na bin rubutu, ƙwaƙwalwa na neman shekara. Nan ne mutane ke gajiya, galibi kafin a kai rabi.

Maganinsa a riƙe shekaru kaɗan a kai. An haifi Piaf, wadda sunanta na yanka Édith Giovanna Gassion, ranar 19 ga Disamba 1915. Uwarta mawaƙiyar titi da shagunan shan kofi ce, ubanta kuma mai wasan lanƙwasa jiki a bainar jama'a. Ta yi ƙuruciya a gidan karuwai da kakarta ta wajen uba ke riƙe da shi a Bernay, yankin Normandy, inda ciwon ido ya makantar da ita na wani lokaci. A 1935 Louis Leplée, mai gidan rawa na Gerny's, ya tsince ta tana waƙa a bakin titi, shi ya laƙaba mata La Môme Piaf, wato 'yar tsuntsuwa, saboda ƙanƙantarta. An kashe shi a Afrilun 1936, 'yan sanda suka tsare ta da tambayoyi, jaridu suka ɓata mata suna. Masoyinta, ɗan dambe Marcel Cerdan, ya rasu a Oktoban 1949. Haɗarin mota na 1951 ya jefa ta cikin jarabar allurar mofin, maganin kashe raɗaɗi. Ta rasu ranar 10 ga Oktoba 1963 kusa da garin Grasse a kudancin Faransa, tana da shekara 47. Wanda ya riƙe waɗannan ba zai ɓata ba.

Akwai kuma dabara ta biyu: a dubi jikin jarumar. In gashi a hargitse yake, gira cike, tafiya kamar ta ɗan tasha, to shekarun 1930 ne. In gira ta zama siririn zane na fensir, ga baƙar riga, ga jan baki, an shiga lokacin ɗaukaka. In baya ya ranƙwafa, gashi ya zube ya koma ja-ja, yatsu sun ƙandare saboda ciwon gaɓoɓi, to ƙarshen rayuwa ne. Masu kwalliya, Didier Lavergne da Jan Archibald, su ne agogon fim ɗin, kuma ba a banza suka samu kyautar Oscar ba.

Kan Cotillard ya kamata a daɗe. Tana da shekara 30 lokacin ɗaukar fim ɗin, ta fito a matsayin budurwa 'yar shekara ashirin, ta kuma fito a matsayin mai shekara 47 da ke kama da 'yar saba'in. An aske mata gira, an aske gashin goshinta don goshin ya ƙara faɗi. Matsalar da aska ba ta iya warwarewa ita ce tsawo: Piaf mita 1.47 ce, Cotillard ta fi ta da kusan santimita ashirin. Da lanƙwasa gwiwa, da dunƙule kafaɗa, da wurin da ake ajiye kyamara aka rufe wannan giɓi. In ka lura sosai, a fitowar da take tsaye kusa da Sylvie Testud, wadda ta fito a matsayin ƙawarta Mômone, za ka ga dabarar.

Ba ita ta rera yawancin waƙoƙin ba. Muryar Piaf ce ta ainihi aka ɗora, sai wasu waƙoƙin farkon rayuwa da Jil Aigrot ta rera. Masu kallon finafinan Hausa sun san yadda bin waƙa da baki ke tona asirin jarumi: leɓe na motsi, maƙogwaro na barci. Cotillard ba ta faɗa wannan rami ba. Tana jan numfashi daidai inda Piaf ta ja, jijiyar wuya na tashi inda sauti ya hau, hannuwa na buɗewa a gefen jiki kamar yadda aka san mai waƙar da yi. Wannan ne ya ba ta Oscar a 2008, karo na farko da aka ba jaruma wannan kyauta kan wasan da aka yi da Faransanci. Abin da zan ɗan soka shi ne fitowar maye da ihu a teburin cin abinci sun yi yawa. Bayan ta uku, mai kallo ya riga ya gane.

Fitowa biyu sun nuna Dahan ya san aikinsa. Ta farko ita ce hawanta babban dandamali bayan horon da Raymond Asso ya ba ta, mutumin da ya tilasta mata furta kowane harafi da amfani da hannu. Tana buɗe baki sai aka ɗauke muryar gaba ɗaya, aka bar mu da hannuwanta da fuskokin 'yan kallo. Ta biyu ita ce safiyar rasuwar Cerdan, zakaran damben duniya da ya doke Tony Zale a 1948, mai mata da 'ya'ya a Kasabalanka. Jirginsa ya faɗi a tsibiran Azores yana kan hanyar zuwa wurinta a New York. A fim ɗin ta farka ta gan shi a bakin gado, ta tashi haɗa masa kofi, tana neman agogon da ta saya masa, mutanen gidan na tsaye cirko-cirko ba mai iya magana. Kyamara na bin ta ɗaki zuwa ɗaki ba tare da an yanke ba, har aka faɗa mata, ta ruga cikin lungun gidan tana kururuwa, lungun ya ɓulle da ita kan dandamali. Kada a kalli wannan wuri a waya cikin hayaniya. A sa abin ji a kunne, ko a ƙara sautin talabijin.

Inda fim ɗin ya gaza a matsayin tarihi shi ne abin da ya tsallake. Shekarun da Jamus ta mamaye Faransa, 1940 zuwa 1944, kusan babu su, alhali lokacin ne sunanta ya ƙara girma, ta je ta yi wa fursunonin yaƙi na Faransa waƙa a Jamus, bayan yaƙi kuma sai da aka bincike ta kafin a wanke ta. Wannan babi ne mai nauyi, barinsa ya sauƙaƙa hoton. Haka rawar da ta taka wajen ɗaga mawaƙa irin su Yves Montand da Charles Aznavour ba ta samu wuri ba. Mazanta biyu na aure, Jacques Pills na 1952 da Théo Sarapo na 1962, wucewa kawai suka yi. Wanda ya tashi daga kallo zai ɗauka Piaf mace ce da masifa ke bi, ba zai san ita ta rubuta baitocin wasu manyan waƙoƙinta ba, ko yadda ta yi shekaru tana aiki da Marguerite Monnot wajen kiɗa.

Sai batun 'yarta Marcelle, da ta haifa a 1933, sanƙarau ya kashe ta tana shekara biyu. Dahan ya ɓoye wannan har mintunan ƙarshe, ya fito da shi a gadon mutuwa. Ya girgiza zuciya, gaskiya ne, amma ya zo a makare: da an san shi tun farko, da an fahimci shaye-shayen shekarun 1930 da wani ido. Fim ɗin ya rufe da Non, je ne regrette rien a zauren Olympia na birnin Paris, waƙar da Charles Dumont da Michel Vaucaire suka kawo mata a 1960, lokacin da kowa ya cire rai za ta sake tsayawa gaban jama'a.

Ba fim ɗin kallo da yara ba ne: akwai gidan karuwai, giya, allura da zagi. Ga baligi mai son ganin yadda ake shiga rigar wani mutum har a ɓace a ciki, na ba shi huɗu cikin biyar. Ɗayan da na cire na tsallake shekarun yaƙi ne da yawan kai-komo. A nemi wanda ke da sautin Faransanci na asali da fassarar rubutu, don wanda aka ɗora wa wata murya yana zubar da rabin aikin Cotillard.