Likitar da ta hana ni rage magana

Jama'ar gida, ina gaisuwa. Wani dattijo maƙwabcina a nan Ingila na raka asibiti in yi masa tafinta, kuma har yau abin bai sake ni ba.

Baba ya daɗe loma tana maƙale masa a ƙirji, ga rama. Tsakani da Allah, da a gida ne me za mu ce? Olsa ce, a sha magani a ci gaba da harka. Nan ma ganin likitan unguwa aiki ne, tun takwas na safe kana riƙe da waya kana jin kiɗan jira har ranka ya ɓaci. Amma da likita ya ji batun wahalar haɗiya, nan take ya tura shi gwajin gaggawa. Aka zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki, aka tarar da tsiro baƙi-baƙi a ƙasan bututun abinci, aka gutsuro kaɗan.

Wai melanoma. Ni da sankarar fata na san ta, ta Turawa masu shanya jiki a rana. Ashe wannan babu ruwanta da rana: ƙwayoyin da ke ba fata launi, wasu mutane suna da 'yan kaɗan a bangon bututun abinci. Cikin masu sankarar wannan bututu dubu, ɗaya ko biyu ne ke da irinta. Wani sa'in ma tsiron ba ya da launi, sai an yi wa naman gwajin S-100 da HMB-45 a gane. Sun duba fatarsa har tafin ƙafa, sun duba ido, sun ɗauki hoton CT da PET, don su tabbatar ba daga wani wuri ta zo ba.

Ranar bayani likitar ta fara da ni: kada in rage ko kalma. Na ji zafin wannan gargaɗi, sai ka ce yaro. Ta zana a takarda yadda za a yanke bututun tare da kaluluwar da ke kewaye, a jawo tumbi sama a haɗa. In cutar ta dawo, akwai magungunan zaburar da garkuwar jiki irin su nivolumab. Sannan ta dubi Baba ido cikin ido ta ce cutar tana saurin zuwa hanta da huhu, kuma ko an yi tiyata yawancin masu ita ba sa kai shekara 5. Da bakina na faɗa masa.

Mu kuwa sai a ja dangi gefe a yi ƙus-ƙus, a dawo a ce wa mai jikin da sauƙi, har ya tafi bai yi wasiyya ba. Baba ya yi tambayoyinsa, ya sa hannu da kansa, aka ba shi lambar nas. Sai dai lambar waya ba ta zama kusa da kai ta ce sannu, a nan ne kewar gida ta kama ni.

An sa ranar tiyata. Yanzu rigimar da ta rage da 'ya'yansa ce a waya, sun dage wai don me na bari aka faɗa masa.