Haihuwa a garinsu ko a Montreal: zaɓi biyu ga matan Inuit

A Nunavik, yankin Inuit, 'yan asalin wurin, can arewacin lardin Quebec a Kanada, an daɗe ana ɗaukar mace mai ciki a jirgin sama idan ta kai kamar mako 36, a kai ta kudu, asibitin birnin Montreal ko, a da, na garin Moose Factory, ta jira naƙuda. Dalilin a fili yake: can akwai likitan tiyata da jinin ƙari, ga ɗakin jarirai bakwaini. Idan haihuwa ta zo da gardama, wannan tsari yana ceton rai.

Sai dai matar takan yi makonni a masauki ita kaɗai, yaranta na hannun dangi. Ma'aikaciyar jinya na yi mata bayani da Faransanci ko Ingilishi, ita kuwa da harshenta na Inuktitut take jin ciwonta. Sau da yawa sai ta gyaɗa kai kawai, a rubuta cewa ta yarda.

Hanya ta biyu ta fara a 1986, lokacin da cibiyar lafiya ta Inuulitsivik ta buɗe ɗakin haihuwa a garin Puvirnituq da ke Nunavik, daga baya garuruwan Inukjuak da Salluit suka samu nasu. Da yawa daga cikin ungozomomin 'yan garin ne, a nan aka horar da su, harshensu ɗaya da mai naƙuda. Mahaifiyarta na gefenta, mijinta na kusa. Ba a yin tiyatar ciro jariri a nan, shi ya sa ake tantance kowane ciki tun da wuri, mai haɗari a tura shi kudu.

Ni dai, ga cikin da ke lafiya, na fi son ta biyun.