Panko da garin biredinmu na gida, ina bambancin?

Salam 'yan uwa. Hajiyar da ta tambaya jiya cewa ta ga wani garin biredi a kanti an rubuta panko a jikin ledar, wai ko shi ne dai irin namu aka canza masa suna don a tsuga kuɗi, to Hajiya ba ɗaya ba ne, na yi aiki da duka biyun bari in faɗa miki abin da na gani.

Panko na Japan ne. Sunan ma kalma biyu ce aka haɗa, pan wato biredi, wadda suka aro daga Turawan Fotugal da suka iso ƙasarsu a 1543, sai ko wato gari. Kin ga ma'anar dai garin biredi ce, amma yadda ake yinsa daban. Namu kin san yadda yake, biredin da ya kwana a busar a daka ko a zuba a blanda har da ɓawonsa, ya fito lukui kamar garin kwaki mai laushi. Shi kuwa panko farar tsakiyar biredi kawai ake ɗauka, ba ɓawo, wasu kamfanonin ma da wutar lantarki suke gasa ƙullun ta ratsa cikinsa don kada ya yi ɓawo sam, sannan a yayyaga shi falle-falle. Ki zuba a tafin hannu ki gani, fari ne tas, dogo-dogo, ba nauyi.

To wannan siffar tasa ita ce komai. Saboda akwai iska a tsakaninsa ba ya riƙe mai kamar namu, in kin tsame kaza daga kasko man zai tsiyaye, kuma ya daɗe yana ƙaras-ƙaras ko da abincin ya ɗan huce. Namu yana lafewa a jikin nama ya yi kauri, in ya jima sai ya yi laushi. Da shi Japanawa suke yin katsu, wato nama a fasa shi ya yi faɗi a soya, sun fi yinsa da naman alade amma akwai na kaza kuma shi nake yi, sai jatan lande soyayye, da korokke na dankalin Turawa da aka murƙushe.

Ni yadda nake yi, ƙirjin kaza in buga shi ya yi fele-fele, gishiri da masoro, in birkita a fulawa, in tsoma a ƙwai, sannan panko, kuma sai kin danna da hannu sosai in ba haka ba rabinsa a cikin mai zai ƙare. Mai kada ya yi zafin da zai yi hayaƙi, wajen digiri 170 zuwa 180 na Celsius a ma'aunin zafi, in ba ki da ma'auni jefa ƙwaya ɗaya, in ta taso tana kumfa to ya yi.

Amma fa kar ki raina namu. In ƙwallon doya za ki yi ko ƙwai a cikin niƙaƙƙen nama, namu ya fi kama jiki ya rufe ko'ina, haka in kina son haɗe niƙaƙƙen nama kada ya warware. Sayen panko don wannan asarar kuɗi ce a ganina. Kifi da kaza da barbaɗawa a saman makaroni da za a gasa kuwa, nan panko ya yi masa fintinkau.

In tsadar ta yi yawa ki yi naki. Ki samu biredi mai yanka-yanka mara sukari sosai, don biredinmu mai zaƙi saurin ƙonewa gare shi, ki yanke gefen, ki goga a gireta ta manyan huji, ki baza a faranti ki sa a oben wuta kaɗan har ya bushe, kar ki bari ya yi ja. Ya huce sannan ki zuba a roba mai murfi.