FreeBSD ko GhostBSD: wanne sabon shiga zai fara ɗorawa?

Ɗan'uwanmu ya ce yana da tsohuwar laftof ta hannu, ya ɗan saba da Linux Mint, yanzu yana son gwada BSD, wato wani dangin manhajar tafiyar da kwamfuta mai kama da Linux, amma ya rasa wanda zai ɗora tsakanin FreeBSD da GhostBSD. To malam, ga yadda nake ganinsu.

Da farko ka sani ba kishiyoyi ba ne. Yadi ɗaya ne: FreeBSD an miƙo maka shi ka yanka da kanka, GhostBSD kuwa an kawo maka shi a ɗinke. FreeBSD ya fito a 1993 daga tsatson BSD na Jami'ar California da ke Berkeley a Amurka. A kansa Netflix ke tafiyar da sabobin (server) da ke turo bidiyo, a kansa kuma aka gina manhajar PlayStation 4. GhostBSD ya zo daga baya, wajen 2009, ƙarƙashin jagorancin Eric Turgeon ɗan Kanada, da niyyar mutum ya kunna kwamfuta ya tarar da FreeBSD a shirye.

Bambancin yana fitowa ne a awar farko. Idan ka tashi kwamfuta da filashin FreeBSD, shuɗin allo mai rubutu zalla zai tarbe ka, sunansa bsdinstall. Ba linzami, sai kibiyoyin kibod da Enter. Ba shi da wuya sosai, tambayoyinsa a jere suke: kibod, sunan kwamfuta, faifai, lokaci, kalmar sirri. Inda mutane ke sarewa shi ne bayan an gama. Kwamfuta ta sake tashi, sai baƙin allo da kalmar login tana jiranka. Babu taga, babu burauza. Kai za ka sauko da xorg mai zana tagogi a allo, da tebur (fuskar kwamfuta mai gumaka) irin su KDE ko XFCE, ta hanyar pkg, umarnin sauko da manhajoji, ka ɗora drm-kmod domin katin hoto ya yi aiki, ka saka sunanka a rukunin video, ka kunna dbus, mai haɗa manhajojin tebur da juna, a cikin fayil ɗin saiti /etc/rc.conf. Ka manta ɗaya, allo ya ƙi haske, kuma ba wanda zai gaya maka wanne ka tsallake. Duk matakan suna cikin littafin jagoransu, Handbook, wanda ni dai ban ga kamarsa ba wajen tsari, sai dai kana buƙatar waya a gefe kana karantawa, tunda kwamfutar ba ta da burauza tukuna.

GhostBSD ya ɗauke maka wannan duka. Daga filashi yake buɗewa kai tsaye zuwa teburin MATE, da Firefox a ciki, tun ba ka taɓa faifanka ba. Ka gamsu, ka danna alamar girkawa. Yana da Software Station na sauko da manhajoji, da Update Station na sabuntawa, da ɗan gunki a saman allo na zaɓar wayfay kamar yadda ka saba a Mint. A wajena wannan shi ne ainihin sauƙaƙa wa baƙo: a yanke masa shawarwarin farko da bai da ilimin yankewa, amma a bar masa ƙofa a buɗe. Rc.conf ɗin yana nan, pkg yana nan, duk ranar da ka so leƙawa ƙasa za ka tarar da FreeBSD cif.

Akwai inda ba wanda ya fi wani, kuma nan nake so ka kula. Direbobinsu ɗaya ne. Katin wayfay ɗin da FreeBSD bai sani ba, GhostBSD ma bai san shi ba. Wayfay da kwantar da laftof idan an rufe murfi su ne raunin BSD tun da daɗewa, har ta kai Gidauniyar FreeBSD ta buɗe aiki na musamman a kan laftof a 2024. Katunan Intel sun fi samun kulawa, shi ya sa za ka ji ana yawan ambatar tsofaffin laftof ƙirar ThinkPad. Idan wayfay ya ƙi, haɗa wayar Android da kebul ka kunna raba intanet ta USB, galibi za ta bayyana da sunan ue0, ka ci gaba da aiki. Haka nan Google Chrome da Zoom ba su da manhajar BSD. Firefox da Chromium da LibreOffice kuwa suna nan.

Maganar data da ƙarfin inji ma tana da nauyi. Fayil ɗin GhostBSD ya haura gigabayt 2, kuma yana son RAM mai yawa don ya tashi daga filashi. Na FreeBSD ya fi ƙanƙanta, amma abin da ka tsimi a farko za ka biya shi wajen sauko da tebur. Idan laftof ɗin RAM gigabayt 2 gare ta, kar ka wahalar da kanka da GhostBSD.

Abu ɗaya da ke ɗan damuna game da GhostBSD shi ne ƙarancin hannu. Mutane kaɗan ne ke riƙe da shi. An taɓa yin PC-BSD da irin wannan buri, ya koma TrueOS a 2016, aka rufe shi a 2020. Sauƙin abin shi ne ilimin da ka samu ba ya ɓata, domin na FreeBSD ne.

Saboda haka, idan burinka ka yi amfani da kwamfutar yau da gobe kana koyo a hankali, fara da GhostBSD daga filashi. Gwada wayfay, sauti, hasken allo da rufe murfi kafin ka goge komai, kuma ka kwafe fayilolinka a wani wuri. Idan kuwa aikin sabobi kake hange, ɗora FreeBSD a cikin VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutar gwaji a cikin taka, a kan Mint ɗinka, ka bi Handbook babi-babi, inda in ya lalace sai ka share ka sake. Ka turo mana samfurin laftof ɗin da sunan katin wayfay ɗinta, a Mint umarnin lspci zai nuna maka, sai mu duba tare kafin ka ƙona data.