Bambancin homon da enzayim, da abin da ya haɗa su da maƙoƙo

'Yar uwa, kin tambaya ko homon da enzayim abu ɗaya ne, tun da likita ya ce maƙoƙon da ya fito wa mahaifiyarki matsalar homon ce. Allah ya ba Mama lafiya. Ba ɗaya ba ne.

Homon ɗan aike ne. A wani wuri ake yin sa, a zuba shi cikin jini, ya je can nesa ya isar da umarni ga gaɓar da ke da mazaunin karɓarsa. Shi kuwa enzayim shi ne mai yin aikin da hannunsa: yana gaggauta narkewa ko haɗuwar sinadarai a inda yake, kuma in ya gama yana nan yadda yake, ya kama wani. Ki daɗe kina tauna burodi za ki ji ya fara zaƙi. Wani enzayim ne na cikin yawu, amilas, yake farfasa sitaci. Kusan duk enzayim furotin ne, amma homon iri-iri ne: insulin furotin ne, na maza da na mata kuwa daga kolestarol ake yin su.

Tayirod wani ɗan ƙullin nama ne a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro. Yana fitar da homon biyu, T4 da T3, masu tsara saurin da jiki ke ƙona abinci, da bugun zuciya, da ɗumin jiki. In sun yi yawa, sai rama duk da ana ci, ga faɗuwar gaba, gumi da rawar hannu. In sun yi kaɗan, sai kasala, jin sanyi, ƙiba da taurin bayan gida.

A nan ne homon da enzayim suka haɗu, kuma shi ne abin da na fi so ki riƙe. Tayirod ba ya iya yin homon sai da aidin, mai liƙa aidin ɗin kuwa wani enzayim ne, ferokzides. Maganin kabimazol da ake ba wanda homon tayirod ɗinsa ya yi yawa, wannan enzayim ɗin yake tarewa. In aidin ya yi ƙaranci, wani ƙulli a ƙasan ƙwaƙwalwa sai ya yi ta aiko da homon TSH yana matsa wa tayirod, har ya kumbura. Maƙoƙo ke nan. Babba na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai ciki kuwa 250, domin ƙwaƙwalwar jariri ta dogara da shi. Dalilin sanya aidin a gishiri ke nan.

Sai dai ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba, don haka kada a fara ba Mama wani abu kafin gwaji. Kada kuma a bari a tsaga wurin. A auna mata TSH da T4 a jini, a ɗauki hoton wuyan. In haɗiya ko numfashi na yi mata wuya, ko muryarta ta dushe, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba.