Kwabon Edward na 1936 da sulen azurfa na 1913: wanne ya fi daraja?

Assalamu alaikum, Alhaji. Allah ya jiƙan kakanka, ya sa aljanna ce makomarsa. Ka shaida mana cewa a cikin gwangwanin da ya bari a gidanku na unguwar Aboabo a Kumasi, tun daga zamanin da yake fataucin goro, ka tarar da kwabbai masu huda ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas da shekarar 1936, tare da fararen sulalla masu hoton bishiyar kwakwar manja na tsakanin 1913 da 1919. Wani dillali a kasuwar Kejetia ya ce maka kwabon ne dukiya tunda sarkin bai cika shekara a kan gado ba, wasu 'yan'uwa a ƙungiya kuma suka ce azurfar ce abin riƙewa. A ganina sulen ya fi, kuma ga dalili.

Maganar dillalin tana da tushe, sai dai ya ɗora ta inda ba wurinta ba. Edward ya hau sarauta a watan Janairun 1936, ya yi murabus a watan Disamba na wannan shekara, kafin a fitar da kuɗin Ingila masu hotonsa. 'Yan ƙalilan ɗin da aka buga na gwaji su ne masu tsadar da ake ba da labari, har an sayar da wani na zinariya a kan fam miliyan ɗaya a 2020. Naka kuwa na Afirka ta Yamma ne, wanda hudar tsakiyarsa ta sa babu wurin hoton sarki, suna kawai ake rubutawa, saboda haka ba a jira komai ba aka buga kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini da sunansa, miliyoyi, a Landan da Birmingham. An yi haka a Afirka ta Gabas da Fiji da New Guinea ma. Bugu da ƙari, da labarin murabus ya bazu, mutane da dama sun adana su ba tare da sun kashe ba, shi ya sa har yau sababbi fil ba su da wuyar samu a hannun masu sayarwa a Turai. Ƙarfen kansa gamin jan ƙarfe ne da nikel, ba ya kawo kuɗin kirki a sikeli.

Sulen kuwa na cikin rukunin farko da Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fitar a 1913 tare da fataka (sule biyu) da sisi da taro. Nauyinsa ya kai giram 5.65, kuma kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, fataka kuma ninkin haka. Ko da hoton Sarki George na Biyar ya shafe ƙarƙaf, maƙerin fari zai auna ya biya ka kuɗin azurfa, wato akwai iyakar da farashinsa ba zai faɗo ƙasa da ita ba, abin da kwabon ya rasa. Tarihi ma ya taimake shi: da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai a 1920 aka rage ta zuwa rabi a wasu kuɗaɗen, a wannan shekara kuma aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. Tsofaffin sulalla suka shige tukwane, da yawa suka ƙare a makera, aka mayar da su zobe da munduwa. Don haka ka duba shekarar kowane ɗaya da kyau, musamman na 1920, domin a cikinta akwai mai azurfa, akwai wanda babu ko ɗigo.

Inda gardama ta fi zafi tsakanin masu tara tsofaffin kuɗi shi ne lafiyar abin, kuma a nan ne nake roƙonka ka natsu. Turawan Ingila suna jera matakai da kalmomi, daga wanda ya cinye, zuwa mai kyau, zuwa mai kyau ƙwarai, har zuwa wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. Amurkawa suna amfani da ma'aunin lamba daga 1 zuwa 70 da William Sheldon ya tsara a 1949, wanda daga 60 zuwa sama yake nufin kuɗin bai zaga hannu ba. Idan aka ɗora kwabonka da sulenka a kan wannan ma'auni, ba su tafiya iri ɗaya. Kwabon ƙarfensa mai tauri ne, rubutun Larabcin da ke jikinsa da tauraronsa mai tsini shida suna daɗewa ba su goge ba, don haka kyansa ba abin mamaki ba ne, kuma mai saye ba ya ƙara kuɗi sosai a kansa sai in ya kai ƙololuwa. Azurfa tana da laushi, sulen da ya yi shekaru yana yawo tsakanin Kumasi da Salaga ya sha hannu, shi ya sa wanda ya tsira da kyansa yake da wuyar samu, kuma tazarar farashi tsakaninsa da cinyayye take da faɗi. Ka sa shi a hasken taga ka duba duwatsun kambin sarki, da gashin gemunsa, da ganyen kwakwar ɗaya bayan ɗaya. Idan suna nan daram, kuma akwai sauran ƙyallin bugu a tsakanin haruffa, to kada ka yarda a ɗora shi a sikeli.

Akwai lahani biyu da suka fi kama sulalla a gidajenmu. Na farko huda ko liƙa marataya, domin iyayenmu mata sun yi ado da su, kuma sulen da aka huda ya koma kuɗin nauyinsa kawai, saɓanin kwabo da aka buga shi da hudarsa. Na biyu wanki. Ina roƙonka da girman Allah kada lemon tsami ko toka ko man goge ƙarfe na Brasso su taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Duhun da azurfa take yi da shekaru masu saye suna son sa, goga kuwa tana barin ƙananan zane da gilashin ƙara girma yake tonawa nan take, kamfanonin tantancewa kuma ba sa ba wankakken kuɗi lamba, sai dai su rubuta a jikin akwatinsa cewa an wanke.

Game da aikawa waje don a tantance, manyan kamfanonin su ne PCGS da aka kafa a 1986 da NGC na 1987, dukansu na Amurka. Ladan aikinsu da kuɗin kai da kawowa daga Ghana sun zarce abin da kwabon 1936 na yau da kullum zai kawo, don haka ban ba ka shawarar aika shi ba. Sule ko fataka da ya cika sharuɗɗan da na ambata shi ne ya cancanci a yi masa wannan lissafi. Haka nan idan aka nuna maka farashi a waya, ka tambaya ko kuɗin da mai kaya ya yanka ne ko wanda aka biya a ƙarshen gwanjo, domin na biyun ne kaɗai shaida.

Kafin ka koma wurin kowane dillali, ka ware su shekara shekara, ka nemi ƙaramin harafin H ko KN, alamar gidajen bugu biyu na Birmingham, tunda wanda babu harafi na Landan ne, kuma yawan abin da kowane gida ya buga a shekara ya bambanta. Ka riƙe su ta gefe, ka sa kowanne a ambulan ɗin takarda daban, nesa da leda mai laushi, domin laimar Kumasi tana sa kwabbai yin koren tsatsa. Idan ka kawo su zamanmu na gaba, za mu auna sulallan tare mu duba su ɗaya bayan ɗaya.